Ina Za Mu Je Hutu? A Dubi Matafiyan Kafin a Zaɓi Gari

Wani magidanci daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce kusan shekara guda ke nan suna tara kuɗi a gidansu don su fita hutu a watan Disamba. A ayarin akwai mahaifiyarsu mai shekara 72, tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Akwai shi da maiɗakinsa da yaransu uku, babban shekararsa 11, autar kuma 3. Akwai ƙaninsa da ya angwance bayan Babbar Sallah tare da amaryarsa, sai ɗan yayarsa, ɗan jami'a, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Kowa ya kawo sunan gari, wani ya ce Dubai, wani Mambila, wani Yankari, har maganar ta fara zama gardama. Yana so a faɗa masa wuri guda da ya fi dacewa da su duka.

Malam, Allah ya sa albarka a wannan niyya, ya kuma saka muku da alheri da kuka sa Hajiya a cikin shirin. Na daɗe ina shirya wa mutane tafiye-tafiye, na gida da na waje, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne gardamar da kuke yi ba ta gari ba ce. Ku tara ne a ayarin, amma idan aka ce hutu, abu huɗu daban-daban kuke nufi. Hajiya tana nufin inda za ta samu natsuwa ta yi ibadarta, ba hayaniya, ba hawa bene. Yara suna nufin ruwa da dabbobi da filin guje-guje. Ango da amarya suna nufin inda babu wanda ya san su. Shi kuwa saurayin so yake ya gaji, ya dawo da ƙura a ƙafa da labari a baki. Babu garin da zai biya wa kowa buƙatarsa daidai wa daida.

Fatakenmu na dā sun san wannan. Madugu ba ya yanke nisan zango da ƙarfin wanda ke gaba, da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a ayari yake auna shi. Ni sai da na gani da idona kafin darasin ya zauna mini. A farkon shigata wannan aiki na kai wani iyali tsaunin Mambila, cikinsu akwai dattijo mai ciwon baya. Wurin ya yi kyau iya kyau, amma zaman mota na yini guda ya kwantar da shi, kwana huɗun da muka yi a ɗaki ya yi su, 'ya'yansa kuma babu wanda ya iya sakin jiki. Har yau abin yana damuna, domin ni ya kamata in hango. Tun daga nan, kafin in ambaci sunan kowane gari, sai na tambayi waye babba a ayarin, waye ƙarami, waye ke shan magani kullum, kuma awa nawa za su iya yi a zaune cikin mota ba a tsaya ba.

To, mu fara da Hajiya, tunda ita ce uwar tafiya. Ka same ta ita kaɗai ka tambaye ta, ban da gaban jikoki, domin a gabansu cewa za ta yi duk inda yara suke so ya yi mata. Yawancin iyayenmu mata da na yi hulɗa da su, idan aka ba su zaɓi na gaskiya, Umara suke cewa. Idan kuɗinku zai kai, watan Disamba lokaci ne mai kyau gare ta, domin zafin Makka ya sauka, Madina ma har sanyi take yi da dare, sai an tafi da rigar sanyi. Jirgi daga Kano zuwa Jidda bai fi awa biyar ba. Amma kada a ɗauka Umara zaman hutu ce ga mai ciwon gwiwa. Tsakanin Safa da Marwa akwai kusan mita 450, sau bakwai kuwa ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiyar masauki zuwa Harami sau biyar a rana. Saboda haka a shirya mata keken turawa tun daga gida, kuma kada kunya ta hana ta hawa. Inda kuɗin ya kamata ya tafi shi ne kusancin masauki, ba kyan ɗaki ba. Ƙaramin ɗaki da ke minti biyar da ƙofar masallaci ya fi mata babban otal ɗin da sai an jira bas. A Madina a nemi masauki ta ɓangaren arewa, can ne ƙofofin mata suke. Ziyarar Rauda yanzu da izini ake yi ta manhajar Nusuk, a nema da wuri. Tsakanin biranen biyu kuma akwai jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, yana cinye kusan kilomita 450 cikin awa biyu da ɗan wani abu, ya fi mata zaman bas na awa biyar ko shida nesa ba kusa ba.

Magungunanta su kasance a jakar hannu tare da takardar likita, a kuma ƙara na mako guda a kan na kwanakin tafiya. Duk wani maganin ciwon jiki mai ƙarfi irin su tiramadol ko mai ɗauke da kodin, kada ya shiga jaka sai likita ya rubuta, domin Saudiyya da Masar da Daular Larabawa ba sa wasa da su. Idan Hajiya mai cin goro ce, a lallashe ta ta bar shi a gida, hukumomin alhazai kullum gargaɗi suke yi a kansa.

Idan kuɗin Umara bai samu ba, ba a rasa abin yi ba. Dattijai da yawa sun fi jin daɗin tafiyar da ke da ma'ana a zuciyarsu a kan wadda ke da kyan kallo. Ziyarar Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko kwana biyu a Daura a ga rijiyar Kusugu, ko ma a kai ta garin da aka haife ta ta gana da sauran tsararrakinta da suka rage, wannan yakan zauna a ranta fiye da duk wani dogon bene da za a nuna mata a ƙasar waje.

Yara kuwa, in dai daga Kano za a tashi, ban san wurin da ya kai Yankari ba, kuma a nan zan ɗan daɗe domin na san shi. Gandun dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauci, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauci a 2006. Daga Kano ana bi ta Birnin Kudu da Ningi a shiga Bauci, a kama hanyar Gombe, a Dindima a karya dama zuwa ƙofar Mainamaji. Abin da mutane ke mantawa shi ne daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran kusan kilomita 40 a cikin daji. Don haka a yi sammako bayan sallar asuba, a ci abincin rana a Bauci, a shiga daji da sauran rana. Da yarinya 'yar shekara 3 ma, ni da zan so ku kwana a Bauci.

Abin da ke riƙe yara a Yankari ba giwa ba ce, ruwan Wikki ne. Ruwa ne garai-garai da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, har kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. A cikin hunturun Disamba, idan hazo ya sauka iska tana yankan fuska, shiga ruwan nan wani abu ne da yaro ba ya mantawa. Ta wajen bakin dutsen yana da zurfi, ya kusa mita 2, amma yana raguwa idan aka gangara, can ne wurin ƙanana, kuma babba ya tsaya a cikin ruwan tare da su, ba a bakin gaɓa yana danna waya ba. Maiɗakinka da amarya, idan suna son shiga ba tare da cunkoson maza ba, su sauka da sassafe kafin jama'a su taso. Sai dai saukar tana da matakala masu yawa. Hajiya za ta iya sauka sau ɗaya a hankali idan an riƙe ta, amma kada a sa ta hawa da sauka kullum.

Game da dabbobi, ka gaya wa yaran gaskiya tun a gida don kada ransu ya ɓaci. Daji ne, ba gidan zu ba. Yankari na da ɗaya daga cikin garkunan giwaye kaɗan da suka rage a Najeriya, amma ganinsu sa'a ne. Abin da aka fi gani su ne gwanki da gwambaza da mazo da ɓauna, da kada da dorina a wajen kogin Gaji, da tsuntsaye iri-iri. An fi dacewa daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya ƙafe a ko'ina, dabbobi suka taru a bakin kogi. A Disamba ciyawa ba ta gama kwanciya ba, amma babu zafi, wanda shi ya fi muhimmanci ga mai tsohuwa da ƙaramar yarinya. Gadu da bika kuwa ba sai an fita nemansu ba, a tsakar sansanin suke yawo. Bikan nan a kula da su sosai. Sun san leda, sun san kular abinci, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, kuma yaro mai biskit a hannu shi suke fara nufa. A rufe ɗaki da mota kullum. Idan za a fita zagayen daji a sa wa yara tufafi masu haske da dogon hannu saboda ƙudan tsando, baƙi da shuɗi suna jawo shi. A je kogunan Marshall, ramukan da mutanen dā suka fafe a jikin dutse suka zauna a ciki, babban yaronka zai yi ta tambaya har ku dawo gida. Ku kuma guji makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, lokacin wurin cika yake yi maƙil, ɗakuna su yi wuya.

Yanzu ango da amarya. Shawarata a nan ba za ta yi wa kowa daɗi ba: a sake su su yi tafiyarsu. Amaryar da ba ta shekara ba, idan aka haɗa ta tafiya da surukarta da yayan miji, ba hutu ta je ba. Ita ce za ta riƙa zuba abinci, ita ce goyon autar, ga lulluɓi da sunkuyar da kai daga safe har dare. Ba za ta faɗa ba, tarbiyya ba za ta bar ta ba, amma za ta dawo a gajiye. Idan ana son zumunci, su yi kwana biyu tare da ku, sannan su wuce nasu.

Idan a cikin gida za su tsaya, Jos ta ishe su. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinsa a Disamba sai da bargo biyu, ga duwatsun Shere da na Riyom, ga ruwan Assop a hanyar Akwanga, ga gidan tarihin da aka buɗe a 1952 inda aka ajiye gumakan yumɓu na Nok. Idan kuwa aljihu ya yi nauyi suna son ganin teku, Zanzibar nake fara ambata wa ma'auratanmu kafin Dubai. Tsibiri ne na Tanzaniya, yawancin mutanensa Musulmi ne, ana jin kiran sallah, ba a fargabar nama, mata suna yawo da lulluɓinsu, amarya ba za ta ji ta zama bare ba. Tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne ƙanana da ƙofofin katako masu sassaƙa, ga gonakin kanumfari da kirfa a bayan gari. Kunnen Bahaushe ma yakan tsinci kalmomi a Suwahili, domin Larabci ya ratsa mu duka: su ce habari mu ce labari, su ce sabuni mu ce sabulu, Alhamisi kuwa kusan ɗaya ce. Abu biyu za su lura da su. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiyani, teku yakan janye ya yi nisa na sa'o'i, sai ka fito ka tarar da yashi kawai. Wanda ke son ruwa a kusa kullum ya nufi Nungwi a arewa. Na biyu, otal-otal ɗin bakin ruwa na Turawa ne ta fuskar shiga da shaye-shaye, don haka a tambaya kafin a biya, akwai ƙananan masaukai na 'yan gari da suka fi dacewa da mu. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, ba lokacin zuwa ba ne. Ƙarshen Disamba kuma farashi yana kai ƙololuwa. Ba jirgi kai-tsaye daga Kano, sai an biya ta wani gari kamar Adis Ababa, bizar ma a nema da wuri.

Tunda an ambaci Dubai a gidanku, bari in faɗi ra'ayina a kanta. Gari ne da aka gina don mai kashe kuɗi. Ga tsafta, ga tsaro, ga abincin halal, ga benen Burj Khalifa mai tsayin mita 828 da aka buɗe a 2010, kuma keken Hajiya zai shiga ko'ina ba matsala. Amma kusan duk abin da zai faranta wa yaro rai a can da tikiti ake shigarsa, kuma idan ka lissafa na mutum tara da canjin naira na yanzu, za ka ga kuɗin shekara guda ya narke cikin kwana huɗu. Batun biza ma ya sha sauyi: an dakatar da ba 'yan Najeriya a 2022, aka dawo da ita a 2024 da sababbin sharuɗɗa. Wanda Dubai ta fi dacewa da shi shi ne ɗan kasuwa mai son haɗa sari da shan iska, kamar yadda Istanbul da Alƙahira suke. A nan ma ina jan kunne. Na ga magidanta da yawa sun ce sun kai iyali hutu, sai su ɓuge a kasuwar gwal ko ta atamfa da abaya daga safe har dare, yara suna zaune a ɗakin otal gaban talabijin. In sari za a je, a ce sari za a je. In an haɗa biyun, a raba kwanakin tun a gida, a ce waɗannan na kasuwa ne, waɗannan na iyali, kuma a cika alkawari.

Shi kuwa ɗan yayarka, Mambila tasa ce, amma da abokansa, ba da kakarsa ba. Tsaunin yana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, tsayinsa kusan mita 1,600. Daga Jalingo ana bi ta Bali da Serti, daga Mayo Selbe a fara hawa, hanya tana nannaɗewa a jikin dutse kwana bayan kwana, har a ɓulla Maisamari da Nguroje a sauka Gembu. Idan ka kai sama sai ka rantse ba Najeriya kake ba: tuddai kore shar iya ganinka, shanun Fulani a warwatse, hazo yana bin ƙasa da safe, ga gonar shayi a Kakara. Hausa da Fulatanci za su kai shi ko'ina. A gefen tsaunin ne gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane girma a ƙasar nan, kuma a can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, babu wanda ya kai shi a Najeriya. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da ɗan jagora da izinin ma'aikatan gandun, ba abin da ake yi da takalmin silifa da ƙarfin hali ba. Ya je da rani, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ya zaɓi direban da ya saba da hawan, ya duba birki da idonsa, kuma kada su hau ko su sauko da dare ko da direban ya ce ya saba.

Akwai wani irin matafiyi da ba ka ambata ba, amma kusan kowane gida akwai shi, wataƙila ma kai ne: mai son tarihi, wanda zai tsaya gaban tsohuwar katanga rabin awa yana kallo. Irin wannan ba ya buƙatar jirgi. Ina yawan tambayar Kanawa yaushe rabonsu da Gidan Makama, ko hawa Dala, ko marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, sai a yi shiru. Baƙi suna tsallako teku don kallon Hawan Daushe, har UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya a 2024, mu kuwa muna wucewa ta gefen ganuwa kullum ba mu ɗaga kai. Bayan Kano ga Gobarau a Katsina, ga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Wanda ke son tsallaka iyaka ba tare da ya bar Hausa ba, Damagaram na nan kusa ta hanyar Daura da Kwangwalam. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna tsaye, kuma garin ne babban birnin Nijar har zuwa 1926 kafin Faransawa su mai da shi Yamai. Agadas ta fi nisa, da hasumiyar masallacinta ta laka mai tsayin mita 27, amma hanyarta a yanzu ba ta iyali ba ce.

Gana ma tana da daɗin zuwa ga Bahaushe, saboda sawun kakanninmu na fataucin goro yana nan. A unguwannin zango na Kumasi, da Nima da Sabon Zango a Ankara (Accra) babban birnin ƙasar, da Hausa za ka yi ciniki, ka karya da koko da ƙosai, ka ci shinkafa da wake da suke kira wace. Daga can a gangara bakin teku a ga gidan Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Wurin yana da nauyi a zuciya, ban cika son a shiga da ƙananan yara ɗakunan ƙasa ba. Kusa da nan akwai dajin Kakum mai gadar igiya da aka ɗaura a saman bishiyoyi, wannan kam na samari ne da marasa jiri. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana saboda yarjejeniyar ECOWAS, yana iya zama har kwana 90, amma sai da fasfo da katin allurar shawara. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai zuwa can ya tambayi halin da iyaka take ciki a makon da zai tashi.

Wannan ya kawo ni kan tsaro, wanda ba zan ɓoye maka ba, shi ne ke yanke hukuncin ƙarshe a tafiyar cikin gida yanzu. Hanyar da take lafiya bara tana iya lalacewa bana. Kada ka dogara da hoton da ka gani a Facebook ko labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce. Ka je tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, ka kira masaukin ka tambaye su kai-tsaye, ka nemi wani ɗan garin da ka yarda da shi. Wannan ya shafi Yankari da Jos da Mambila duka. A yi tafiya da rana, a isa kafin magariba, kuma kada a riƙa sanar da duniya inda ake a intanet sai an dawo. Idan zuciyarka ba ta kwanta da hanya ba, a fasa, ko da an biya kuɗin ɗaki.

Kan kuɗi kuwa, duk abin da kuka tara, ku ware kashi ɗaya cikin biyar ku ajiye gefe kamar babu shi. Mota takan lalace, yaro yakan yi zazzaɓi, jirgi yakan ɗaga tashi a ƙara kwana. Ku kuma sa tsaraba a lissafi tun farko, domin a gidajenmu ba a dawowa hannu rabbana, kuma na ga tsaraba ta cinye kuɗin abincin kwana biyun ƙarshe. Idan waje za a fita, a duba fasfo ɗin kowa yau ɗin nan, har na autar, a tabbata kowanne yana da sauran aƙalla wata shida.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. A mako na biyu na Disamba, da zarar an ba yara hutu, ku ɗunguma gaba ɗaya zuwa Yankari, ku kwana ɗaya a Bauci, biyu a Wikki. A nema wa Hajiya ɗakin da ya fi kusa da wurin cin abinci, ta zauna a inuwa da carbinta tana kallon jikoki, zagayen daji kuma a bar shi ga masu ƙarfin baya, domin motar tana jijjiga. A rana ta huɗu ku rabu a Bauci: ango da amarya su kama hanyar Jos, tafiyar awa biyu ce, saurayin ya wuce Gombe ya nufi Jalingo inda abokansa za su tare shi, ku kuma ku juyo Kano da Hajiya da yara. Abin da ya rage a asusun kada a taɓa shi. A ci gaba da zubi a kai har ya isa kujera biyu ta Umara, ɗaya ta Hajiya, ɗaya ta wanda zai tura mata keke.